Gansakuka A Tafkin Hajiya Fure

Akwai wani mutum da ake kira Mai Raga, saboda doguwar ragar da yake yawo da ita a kafaɗa. Sana'arsa kula da tafkin ninkaya na bayan gida. Gida shida yake yi wa aiki, shekara tara ba wanda ya taɓa kuka da shi.

A cikin gidajen akwai na Hajiya Fure. Duk Litinin zai kwashe ganye, ya goge bango, ya zuba kulorin, maganin tsabtace ruwa, ya bar injin tace ruwa a kunne. Kullum sai ya ce, "Hajiya, don Allah kada a kashe injin nan da rana. In ruwa ya tsaya, gansakuka za ta fito."

Amma ruwan ya riƙa komawa kore shar. Hajiya ba ta tambaye shi dalili ba. Hoto ta ɗauka, ta tura zauren WhatsApp na unguwa, ta rubuta: "Ga aikin Mai Raga. Ku yi hattara."

Cikin mako guda gida biyar suka sallame shi, ita ce ta shida. Ya saɓa ragarsa ya tafi.

Ta ɗauki wani ma'aikaci. Kwana goma, ruwa ya sake komawa kore, har kwaɗi sun tare. Dole mijinta ya kira Mai Raga.

Ya zo ranar Alhamis da azahar, ba sanarwa. Yana shiga bayan gida ya ji tsit. Ya dafa injin, sanyi ƙalau.

"Alhaji, wa ya kashe wannan?"

Alhaji ya waiwayi matarsa. Tagar ɗakinta dab da injin take.

"To, ƙararsa ce ke hana ni barcin rana," in ji ta. "Ai ina kunnawa duk Litinin kafin ka zo."

Alhaji ya ce, "Wato injin ma sau ɗaya yake zuwa aiki a mako?"

Ta kawo wa Mai Raga lemo mai sanyi, ta yi ƙasa da murya. "Ka yi haƙuri, ya wuce."

"Na haƙura, Hajiya. Amma ba a nan kika ɓata min suna ba. Mutum tamanin suka ga hoton nan. A can za ki gyara."

Kwana huɗu ya yi yana goge bango da wanke matatar injin, har tayil ɗin ƙasa ya fito fes. Ita kuwa sai a rana ta biyar ta rubuta gyaran, layi biyu kacal. Gida huɗu suka dawo da shi. Na biyar har yau bai kira ba.

Darasi: In ka ɓata sunan mutum a gaban jama'a, a gaban jama'ar za ka wanke shi, kuma da wuri. Ban haƙuri a ɓoye ba ya dawo wa mutum da aikinsa. Ku tura wa duk mai saurin ɗora hoto kafin ya yi tambaya.