Babin Tsohuwa Mai Gwangwani

Akwai wani ma'aikacin gidan jarida da ake kira Jan Biro, don aikinsa gyara rubutun mutane. Ko allon shago ya gani da kuskure, sai ya tsaya ya yi magana. A gidansu shi ne marubuci. Ya daɗe yana cewa yana rubuta littafi, amma ni dai ban san wanda ya taɓa ganin ko shafi ɗaya ba.

Yana da ƙane, Auta, malamin kimiyya a sakandare. Wata rana Auta ya same shi a ofis da takardu cike da leda.

"Yaya, wani ɗan shirme na rubuta. Kai nake so ka fara gani, abin da ka ce shi zan yi."

Jan Biro ya yi dariya. "Kai ma ka shigo sana'armu? To ajiye."

Labarin ƙirƙirar kimiyya ne. Duniya ta bushe, mutanen da suka rage sun shiga wani ƙaton jirgi suna neman wata duniyar a sararin samaniya. Ruwan sha ma da ƙaramin kofi ake raba musu.

Jan Biro ya fara karantawa yana taɓe baki, yana gyara waƙafi. Sai ya iso wani babi, biron ya tsaya cak.

Wata tsohuwa ce a cikin jirgin ta ɓoye ƙasa a gwangwani, ta shuka tumatir. Kullum sai ta zuba masa rabin ruwanta tana cewa, "Sha, ɗan nan, ni na ƙoshi tun ɗazu."

Wallahi haka mahaifiyarsu marigayiya take cewa in ta tura musu nata abincin. Har yadda take goge baki da gefen zane don su yarda, Auta ya kawo. Jan Biro ya ji kamar Inna ce zaune a ofishin. Ya yi hawaye.

Da hawayen suka bushe kuwa, sai baƙin ciki ya taso masa. Shi ne babba. Shi ya yi jinyarta. Shi ake kira marubuci. Amma yaron da ya goya a baya shi ya iya dawo da muryarta a takarda? Ranar ko abincin kirki bai ci ba.

Da Auta ya dawo jin sakamako, Jan Biro ya buɗe babin, ya ja masa jan layi daga sama har ƙasa.

"Sauran ba laifi. Wannan ne ya kashe maka littafi. Masu karanta irin wannan labari injuna suke so, ba tsohuwa da tumatir ba."

Auta ya ce, "Yaya, ni kuwa shi na fi so."

"Ai shi ya sa ba ka ganin aibinsa. Kuma ka ji yadda muke yi a aikinmu: abin da aka cire ba a ajiye shi. In ka ajiye, gobe za ka mayar."

Ƙarya ce, jama'a. Shi kansa ko jimla ya cire sai ya adana.

Auta bai taɓa musa wa yayansa ba. Nan take ya buɗe kwamfutarsa ya goge babin, ya yayyaga takardun ya zuba a kwandon shara.

Ya kai littafin wani kamfanin buga littattafai. Amsar da suka ba shi gajera ce: jirgin ya yi, ilimin ya yi, amma babu mutum ko ɗaya a ciki da zai taɓa zuciyar mai karatu.

Da Jan Biro ya ji, har wani sanyi ya ji a ransa. Sai dai tsohuwar nan ta ƙi barinsa. Yana aiki tana faɗo masa. Ya yi ƙoƙarin tuno kalamanta, rabi ya zo, rabi ya ɓace. Kewar Inna ta dame shi, kuma ya san wuri ɗaya ne zai sake jin ta.

Ya shirya ya je gidan Auta. Teburin da Auta yake rubutu yana nan, amma an ɗora talabijin a kai.

Bayan 'yan kame-kame ya ce, "Af, babin nan na tsohuwa, ba ka da wani kwafi?"

"A gabanka na goge, Yaya."

"To ka sake rubutawa mana."

"Na gwada, ya ƙi. Lokacin da na rubuta shi muryar Inna tana kunnena, yanzu ko na rufe ido ba na jin ta." Auta ya yi murmushi, ba ko alamar zargi a fuskarsa. "Na haƙura da rubutu. Dama kai ne marubucin gidanmu."

Abin da Jan Biro yake so ya ji ke nan tun farko. Ya ji shi, ya kasa ɗaga kai.

Darasi: Wanda ya miƙa maka aikinsa tun yana ɗanye, amana ya ba ka. In hassada ta taso, ajiye biron har ta kwanta, don abin da ka kashe wa ɗan'uwanka wataƙila kai za ka fi kowa kewarsa. Ku tura wa duk wanda ake kai wa aiki ya duba.