Tafin Hannun Nomau

"Kunne kawai za ka taɓa, Baba Nomau," in ji mai gari. "Ina abin wuya a nan?"

"Ranka ya daɗe, ban ji daga wanda ya gani ba."

Ku saurara, jama'a, ku ji mafarin zancen. An yi wannan bawan Allah, Nomau, a wani gari can zamanin da, shi ke riƙe da tarihin garin a ka. Yana da wata al'ada: abin da ya gani, sai ya taɓa ido; abin da ya ji daga bakin ganau, ya taɓa kunne; in kuwa "an ce" ne kawai, sai ya buɗe tafin hannu, wayam. In Nomau ya taɓa kunne, magana ta zauna.

To, akwai tsohuwar jita-jita wai kakannin magina tukwane ne suka buɗe wa mahara ƙofar gari. Mai gari kuwa filinsu yake so. In Nomau ya taɓa kunne a kan wannan zance ran taron gari, za a kore su, har jarirai. In ya ƙi, an shaida masa hannun da ya ƙi ɗaguwa ba shi da sauran amfani a jiki.

Kada wani ya ce muku bai ji tsoro ba. Matarsa Tabawa tana kuka tana roƙo, wai ai matattu ba za su tashi su ƙaryata shi ba. Wannan maganar ce ta fi razana shi. Ashe matattu ba su da bakin kare kansu sai nasa.

Ran taro, mai takobi na tsaye a bayansa, magina na can gefe, laka ta bushe a yatsunsu. Hannun Nomau ya tashi, ya kai kafaɗa, ya kusa, wallahi ya kusa. Sai ya juyo, ya buɗe.

"An ce. Iyakar sanina ke nan. Ga hannun, ranka ya daɗe, a sare shi a buɗe. Ba zan kai shi kunne ba."

Ba a kori magina ba. Hannun fa? Wasu sun ce an sare, wasu sun ce an bar shi. Ni ma ga tafina.

Tarihi amanar matattu ce, 'yan uwa. Kafin ka ce "kakanninsu ne suka yi kaza," dubi hannunka tukuna: ido, kunne, ko wayam?