Iskar Hagu da Jirgin Wendell

Akwai wani dattijo mai suna Wendell Kolb a ƙaramin filin jirgin garinmu, nan Kansas. Shekara talatin ya yi yana feshin gonaki da jirgi, har likita ya hana shi tuƙi saboda idonsa ya fara dishi-dishi.

Shekara goma sha ɗaya ya kwashe yana gyara wani tsohon jirgin yaƙi, irin mai ƙaramar taya a wutsiya. Burinsa ɗaya ne: ya ga jirgin nan a sama kafin idon ya rufe gaba ɗaya.

Ƙungiyar filin ta zaɓi Kyaftin Darrell Pruitt ya tashe shi. Darrell ya daɗe yana tuƙa manyan jiragen fasinja, kuma ba ya bari kowa ya manta da haka.

Ranar Asabar jama'a suka cika bakin titin jirgi. Ni ina rumfar abinci ina juya fanke, don ba na iya kallon tashin jirgi. Amma komai a kunnena aka yi.

Iska tana bugowa ta gefe, ta hagun jirgin. Wendell ya ce wa Darrell ya gangara can ɗaya ƙarshen titin, ya taso daga can, don iskar ta zo masa ta dama. Ya bayyana masa cewa injin jirgin nan da kansa yana fizgar hanci zuwa hagu, in iskar hagu ta haɗu da shi, ƙafar mutum a kan fedar da ke juya jirgi ba za ta iya riƙe su biyun ba. Ya ce kuma ya ba shi wuta a hankali, kada ya yi saurin ɗaga wutsiya.

Darrell ya yi dariya. "Tsoho, mutum ɗari uku nake ɗauka a bayana lokacin da kake fesa wa ƙwari magani."

"Haka ne, Kyaftin," in ji Wendell. "Amma waɗancan jiragen su ke tuƙa ka. Wannan sai ka tuƙa shi."

Darrell ya ce titin ya yi nisa, injin zai yi zafi, ga shi masu ɗaukar hoto a nan suke tsaye. Ya rufe murfin gilashin jirgin.

Ya danna wuta gaba ɗaya, ya ɗaga wutsiya tun jirgin bai yi gudu ba. Hanci ya karkata hagu. Ya taka fedar dama, jirgin bai ji ba. Ya bar titi, ya faɗa kwalbati, ƙafar taya ɗaya ta karye, farfela ta nutse a ƙasa.

Darrell ya fito lafiya, ko ƙwarzane babu. Wendell kuwa sai ya tambaya ko an rufe hanyar man jirgin.

Gyaran ya ci shekara biyu. Ƙungiya ta cire sunan Darrell daga masu tuƙi, amma kowace Asabar sai ya zo ya riƙe wa Wendell sifana, tun ana masa kallon banza har aka saba.

Ranar da jirgin ya tashi, wata matuƙiya mai suna Marlys Tjaden ce a ciki. Idon Wendell ya riga ya tafi. Yana tsaye bayan igiya ya kama hannun Darrell.

"Faɗa mini, ya bar ƙasa?"

"Ya bari, Wendell. A miƙe."

Darasi: Gwanintarka a wani wuri ba ta sa ka fi ƙarfin shawara a wani wurin, kuma sau da yawa wanda bai ji ba bai gani ba shi girman kanka ke cuta. Ku tura wa 'ya'yanku da abokanku, ko wani zai saurara tun kafin ya yi ɓarnar da ba ta gyaruwa.