Littafin da Ciyaman Ya Rubuta

Ciyaman mutum ne mai ƙwazo, sai dai akwai shi da son a yabe shi. Ƙungiyar wayar da kai kan lafiya da yake shugabanta ba shi ya kafa ta ba. Goggonsa ce, wata tela, ta fara ta a shagonta bayan amai da gudawa sun ɗauke mata 'ya'ya biyu cikin mako guda. Ta riƙa shiga gida-gida tana koya wa mata tafasa ruwan sha da haɗa ruwan gishiri da sukari. Shi kuwa wasiƙu yake rubuta musu, don Goggo ba ta yi boko ba.

Da ƙungiya ta cika shekara ashirin, aka ce ya rubuta tarihinta. Ya zauna ya cika shafi arba'in da sunansa, bai ambaci Goggo ba.

Ranar taron ƙaddamar da littafin, bayan an gama tafi, Goggo ta lallaɓo da sandarta, riƙe da shi. "Ɗan nan, karanta min inda aka sa yarana. Ni ba sai an faɗi nawa ba."

Ya buɗe wani shafi, ya ɗora yatsa, ya ƙago mata labarinsu da ka. Goggo ta share hawaye, ta ce, "Allah ya yi maka albarka."

Bayan kwana uku maƙwabciyarta ta karanta mata littafin daga farko har ƙarshe. Goggo ba ta yi faɗa ba, ta dai daina zuwa ofis. Matan da ta koyar su ma suka janye ɗaya bayan ɗaya. Da damina ta sauka cutar ta dawo, babu mai shiga gidaje, aka rasa yara huɗu.

Ciyaman ya je shagonta ya durƙusa gefen keken ɗinki. "Goggo, ki yafe min."

Ta ce, "Rubutun na yafe tuntuni. Karatun da ka yi min ne ya tsaya min a rai."

Ya sake buga littafin da sunanta da na yaranta, amma har ta rasu bai iya haɗa ido da ita ba.

Mai karatu, kada son yabo ya sa ka binne wahalar wanda ya riga ka. In kuma ka yi kuskure, amsa shi nan take, domin ƙaryar da za ka rufe shi da ita ta fi shi ciwo.