Gishirin Ubaldo da Ruwan Kyarkeci

Tun can da, kafin a san kwalta a ƙasar Italiya, akwai wani maharbi ana ce masa Ubaldo. Sunan garin da abin ya faru ba zan faɗa ba, ku bar shi haka. A lokacin ma babu garin, dutse ne kawai da kurmi. Ubaldo ba ya kwana biyu wuri ɗaya. Kirarinsa ke nan: ƙafa ba ki san gida ba, na Gisla mai baka ɗaya.

Gisla ƙanwarsa ce, tana aure a ƙauyen bakin teku. Wata shekara mahara suka zo ta ruwa, suka ƙone ƙauyen ƙurmus. Gida talatin da bakwai suka gudu kan dutsen da awakinsu. Kwana uku ba ruwa. Nonon Gisla ya ƙafe, jaririnta ko kuka ya daina.

Shi kuwa Ubaldo ya san inda ruwa yake. Wata tsohuwar kyarkeci ce ke da idon ruwan, cikin wani kogo. Ta bar shi yana sha, bisa rantsuwar ba zai gaya wa ɗan Adam ba.

Gisla ta dube shi ta ce, "Yaya, kowa leɓensa ya tsage, kai naka lafiya lau. Ina kake sha?"

Ya ce, "Ni ba na jin ƙishi."

"Tun muna yara ba ka iya ƙarya ba. Kunnenka ne ke ja."

Ya tashi, ya zauna, ya sake tashi. Ya zagaya dutsen ya dawo. Can ya kwance jakarsa, ya fito da gishirin da yake shafa wa nama, ya bai wa awaki suka lashe tas. Dabarar maharba ce. Ƙishi ya haukata awakin, suka bi ƙamshin ruwa a guje, mutane na biye har kogon. Gisla ta sha, yaron ya rayu.

Da rana tsaka kyarkecin ta fito, ta tsaya gaban Ubaldo. Ta ce, "Bakinka bai faɗa ba, na sani. Hannunka fa?"

Ubaldo ya sunkuyar da kai.

Ta ce, "Su sha, na bar musu. Kai dai ran da ka sake sha, ran nan ruwan zai tafi."

To, nan suka kafa gari, shi ya zana musu ganuwa. Shi ya ce a matse lunguna, daidai jaki ɗaya da kaya, kada mahara su shigo a jere. Shi ya ɗora dutsen farko na hasumiyar da ake hango teku. Amma bai ƙara shan ruwan ba. Ruwan sama yake tara a ƙoƙo, a bayan ƙofar gari, har ya tsufa ya mutu. Gisla kan kai masa burodi ta zauna, tulunta a nesa.

Duk suna nan har yau, hasumiyar, lungunan, da kan kyarkeci na dutse da ruwa ke zuba ta bakinsa. Kuma ɗan garin ba ya kwatanta wa baƙo hanyar ruwan. Wata rana na tambayi wata tsohuwa hanyar. Ta gyara gyalenta, ta wuce gaba. Ni kuma na bi ta har bakin ruwan.