Rumbun Dela Mai Kallon Daji

Tun zamanin da giwa ke fitar da hanya mutum ya bi sawunta, akwai wani baƙin daji tsakanin kogi da duwatsu wanda fatake ke kewayewa. A nan wani maharbi mai suna Jatau ya sauka da matarsa Dela, suka kafa bukka a gindin wata tsohuwar kuka. Tsofaffi suna cewa in ɓauna ta taso wa Jatau sai ya rikiɗa ya zama suri, ta yi ta shinshina har ta gaji ta wuce. Allah ne masanin gaskiya. Kirarinsa dai ya iso mana: "Jatau na Dela, kibiya ɗaya nama ɗaya, ɓauna ta gan ka ta sake hanya."

Amma ba da kwari da baka aka kafa garin ba. Dela ta taho da irin gero ƙulle a bakin zane, ta shuka a bayan bukka, ƙasar ta karɓa. Kafin a jima mutane suka ji labari, suka yi ta zuwa, manoma da masaƙa, har da wani maƙeri, Nagoma, da amaryarsa Kandala. Kowa ya zo Inna yake ce wa Dela, don ita ke karɓar haihuwa, ita ke raba faɗa.

Mace ce mai lura. An ce wata rana lokacin kaka Dela ta zauna tana kallon tururuwa na jan tsaba zuwa rami ɗaya, babu mai cewa wannan tawa ce. Sai ta tara magidanta ta ce kowane gida ya riƙa fitar da dami daga abin da ya noma, a zuba a rumbu ɗaya, saboda ranar da ba a fata. Suka yarda. Aka gina ƙaton rumbu a tsakiyar gari, daf da inda maza ke dara, don idon kowa ya zama mai gadinsa. Dela ta ce duk wanda abinci ya yanke masa ya zo ya ɗiba.

Ranar da ba a fata ta zo. Fara ta sauka gero na cikin fitar da kai, ta bar kara tsirara. Da bazara ta yi nisa, yara suka fara ramewa, amma rumbun gari yana nan cike, gizo-gizo ya yi saƙa a bakinsa. Dela ta ɗauka mutane na da sauran abin da suka ɓoye.

Wata safiya tana wucewa ta bayan dangar maƙeri sai ta ji daka. Ta tsaya. Macen da ta tsufa da taɓarya a hannu ta san ƙarar turmin da ke da hatsi. Ta yi sallama ta shiga, ta tarar da Kandala tana kirɓa ƙaiƙayi, ga jaririnta Dawo a goye, wuya ya langaɓe, kukan ma ba ya fita.

Dela ta ce, "Kandala, wannan turmin naki kuka yake yi, ba daka ba."

Kandala ta sunkuyar da kai. "Don maƙwabta su ji ne, Inna."

"Ga rumbu can ya cika har yana nishi. Wa ya hana ki?"

"A tsakar gari, Inna? In ɗauki ƙwarya in ratsa ta gaban 'yan dara? Gobe yaron nan ya girma a riƙa ce masa ɗan rumbu. Maigida ya ce gara mu bar garin, inda ba a san mu ba ma yi roƙo. Ya riga ya ɗaure uwar maƙera."

Dela ta kwance yaron ta duba idonsa. Ta san ba zai kai ƙarshen tafiyar ba, domin nonon uwar ya ƙafe. Ta kuma gane cewa ba gidan nan kaɗai ake dakan ƙaiƙayi ba. Ta gina wa yunwa rumbu, ta manta da kunya. Ko ta kawo musu tsaba da hannunta, Nagoma zai yi godiya ne ya ƙara saurin tafiya.

Ta sami maƙerin a rumfarsa ta ce, "Nagoma, ka ara mini kwanaki kaɗan. Fartanyata ta dushe, kuma ban yarda da hannun kowa ba sai naka." Ya ji nauyinta, ya kwance kaya.

Daga nan ta wuce wurin dara, ta ce a rushe rumbun a sake gina shi a bayan gari, kan hanyar rafi, cikin sabara, bakinsa ƙasa-ƙasa yana kallon daji.

Wani dattijo mai suna Barmo ya ce, "Haba Inna, a ajiye hatsi inda babu ido? Ai an ba kura ajiyar nama ke nan."

Jatau ya yi dariya ya ce, "Barmo, kai da ko sandarka ba ka yarda ka ba ɗanka ajiya ba." Sannan ya dubi matarsa. "Amma yana da gaskiya, Dela. Wa zai yi gadi?"

Ta ce, "Kai da kanka ka gaya mini barewa ba ta shan ruwa in ta san ana kallonta, ko ƙishirwa za ta kashe ta. Idonku ya yi gadi har ya kori masu shi. Wanda ya ɗiba ba don yunwa ba, shi da Mahaliccinsa."

Jatau ya ajiye 'ya'yan dararsa, ya tashi ya fara kwaɓa ƙasa. Sauran suka bi shi, Barmo na baya yana gunaguni.

Da aka gama, Dela ta tara mata ta kafa musu doka. Kowace mace, mai shi da marar shi, in za ta rafi sai ta ɗauki ƙwarya rufe da faifai, ta bi ta bayan rumbu ita kaɗai, sauran su jira ta fito. Mai rara ta zuba, marar shi ta ɗiba, wadda ba ta da ko ɗaya ta wuce abinta. Kuma haramun ne a tambayi mace abin da ke ƙarƙashin faifanta, ko da mijinta ne.

Dela ce ta fara shiga. Matar Barmo ta bi ta, tana taƙama da sabon faifai. Kandala ta shiga cikin jerin kamar kowa, ta fito kamar kowa. Washegari Dela ta sake bi ta bayan dangar maƙeri, ta ji taɓarya na sauka da nauyi, ta ce alhamdu lillahi a ranta, ba ta leƙa ba.

Nagoma bai sake ɗaure uwar maƙera ba. Dawo ya rayu, ya gaji mahaifinsa, kuma babu wanda ya taɓa kiransa ɗan rumbu, don babu gidan da zai iya rantsewa bai ci ba. Masu ba da labari sun ce har aka yi sabon gero hannu bai taɓa gindin rumbun nan ba. Da malamai suka zo garin daga baya suna karantar da falalar sadakar ɓoye, sai suka tarar mata sun riga su da aiki. Maroƙa kuwa suka yi mata kirari: "Dela uwar gari, mai ciyarwa da ido rufe."

Garin ya ci sunan Rumbun Dela. An sha sake ginin, amma kullum bakinsa daji yake kallo, kuma har yau amarya ba ta tarewa a can sai uwarta ta haɗa mata da ƙwarya da faifai. Bayan rasuwar Jatau, Dela ta daɗe a duniya, ƙarfi ya ƙare, gonarta ta koma saura. Duk da haka kowace safiya akan gan ta da sanda, ƙwarya a ka, tana bi ta bayan rumbu. Ko zubawa take yi ko ɗiba, babu wanda ya sani, babu kuma wanda ya tambaya.