Masu Juya Tasi'u Bayan Sallah

Akwai wani saurayi mara zama wuri ɗaya, Mahbub, da ya dawo Lakwaya bayan shekaru a Fatakwal. Ya tarar an sare tsamiyar bakin hanya, an sa wa masallaci sola, abokansa duk sun zama iyaye. Yayansa Tasi'u kuwa ya faɗo daga motar masara, lakarsa ta taɓu. Daga ƙirji zuwa ƙafa ba ya motsi.

Abin da ya ɓata wa Mahbub rai shi ne zirga-zirga. Ana idar da kowace sallah sai maza biyu su yi sallama, su juya Tasi'u zuwa ɗaya gefen, suna tsokanarsa.

"Yayana ba abin kallo ba ne," in ji Mahbub. Ya sayo katifa mai taushi, ya sallami mutane. "Tunda na dawo, ni zan yi."

Tasi'u ya ce, "Kai da tabarma ba ta taɓa yin ɗumi a ƙarƙashinka ba?"

Haka kuwa aka yi. Yau Mahbub yana Kabo wajen abokai, gobe ya makara. Tasi'u ba ya jin bayansa, bai san gyambo ya buɗe ba sai da zazzaɓi ya rufe shi.

A asibiti a Gwarzo, nas Badi'a ta wanke ciwon, ta dubi Mahbub.

"Ina 'yan masallacinku? Mu muka koya musu juyin nan, liman ya ɗaura shi a kan salloli don kada a manta. Magani namu ne. Amma in ba a juya shi a gida, gadon nan ne zai zama gidansa."

Ranar da aka sallame su, Mahbub ya miƙe a masallaci bayan La'asar, ya roƙi jama'a gafara.

Liman Malam Bappa ya yi murmushi. "Mun yafe. Amma juyin Asuba naka ne, sarkin barci."

A hankali gyambon ya rufe. Badi'a na dubawa ranar asibiti, unguwa na juyawa. Har Tasi'u ya koma zama a zaure kan keken guragu.

Damina na wucewa Mahbub ya fara haɗa jaka.

"Wa ka bar wa Asubar?" Tasi'u ya tambaya.

"Lukuman maƙwabcinmu, Yaya. Na koya masa."

"Alhamdulillahi. Shi hannunsa ba ya sanyi kamar naka."

Darasi: Kada kunya ko girman kai su sa ka rufe wa majinyaci ƙofa. Asibiti na warkar da ciwo, hannun maƙwabta ke hana shi dawowa. Ku tura wa duk mai jinya a gida.